Ranar da Tabarya Ke Rasa Inuwarta a Funtua

Direbobin da ke jigila tsakanin Funtua da Malumfashi sun san wani abu da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. A watan Yuni, duk wanda ya cika mota da sassafe ya kama hanyar Bakori, rana ce za ta tare shi ido da ido, sai ya riƙa kare fuska da tafin hannu yana laluben hanya. A watan Disamba kuwa, a kan titin nan dai kuma a daidai wannan lokaci, ranar tana can gefen dama tana leƙen fasinjan da ke bakin taga, ba ruwanta da direba. Sai da yamma, in an juyo za a koma Funtua, take fanshe abin da ta bari da safe: ta tsaya ja wur cikin hazon hunturu, saitin gilashin gaba, har ta faɗi.

Titin yana nan inda aka shimfiɗa shi, ya doshi arewa maso gabas duk da 'yan kwane-kwanensa. Rana ce ba ta da mafita guda. Mai goron da ya kafa faifansa a arewacin bangon wani shago a Malumfashi cikin watan Janairu yakan yini a inuwa, har ya riƙa janyo kujera waje don ya ɗan sha hantsi. In ya nace wa wurin har Yuni, tun daga fitowar rana har faɗuwarta a kansa za ta ƙare, dole ya kwashe ya koma kudancin bangon. Ba zai ce maka digiri kaza ba, amma ya san watan da ake sauya wuri, kamar yadda uwar gida ta san lokacin da shanyar kuka da kuɓewa ke barin wannan kusurwa ta tsakar gida ta koma waccan.

In aka zo ga lissafi, Funtua na zaune a kan digiri 11 da rabi arewa da Ikwaita, layin nan da masana suka zana ya raba duniya biyu. Malumfashi ta ɗara ta kaɗan, amma ba ta cika 12 ba. A wannan yanki sau biyu kacal a shekara rana ke fitowa daga gabas sak, wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. Daga Maris mafitarta takan riƙa gusawa arewa kullum kaɗan-kaɗan, har 21 ga Yuni ta kai kusan digiri 24 daga gabas, ta yi 'yan kwanaki kamar ta kafe, sannan ta juyo. Ta ratsa gabas a Satumba, ta zarce kudu har 21 ko 22 ga Disamba, nan ma digiri 24. Tsakanin iyakokin biyu digiri 48 ke nan. Mai son ganin faɗin da idonsa ya miƙe hannu ya dunƙule shi: dunƙule ɗaya na rufe kimanin digiri 10 na samaniya, ashe dunƙule biyar a jere shi ne filin da rana ke kai-kawo a cikinsa. Manomin da ya yi alama da wata ɗorawa a gabashin gonarsa zai ga rana na ɓullowa ta hagunta da damina, ta damanta da hunturu.

Gwajin tabarya

Abin ya fi fitowa fili da tsakar rana. A samu tabarya, ko sanda miƙaƙƙiya mai tsawon mita ɗaya, a kafa ta tsaye cak a fili mai laushi. Ranar 21 ga Disamba, lokacin da rana ta take tsaka, inuwar za ta kwanta wajen arewa, tsawonta kimanin santimita 70, domin ranar ba ta hau sama da digiri 55 ba, ta raɓe ta kudu. Kafin 20 ga Maris inuwar ta tsuke ta koma santimita 20. Wata ɗaya bayan haka, wajen 20 ga Afrilu da misalin ƙarfe 12:30, sai a neme ta a rasa, ta shige ƙarƙashin tabaryar. Mutum ya tsaya, tasa inuwar na tsakanin ƙafafunsa. Randa ta zauna a kan tata. Wanda ya leƙa rijiya daga gefe zai hango haske kwance a kan ruwa, a gindin da ya shekara cikin duhu. Malumfashi kwana ɗaya bayan Funtua take ganin tata ranar, birnin Katsina sai bayan kwana huɗu ko biyar, don rana arewa ta nufa, gari-gari take bi.

Daga nan inuwar tsakar rana ta koma kudu. Ba ta yin tsawo sosai, iyakarta santimita 21 a ranar 21 ga Yuni, sai ta fara janyewa, ta sake ɓacewa wajen 22 ko 23 ga Agusta. A wannan karon Katsina ce ke riga, sai Malumfashi, sannan Funtua. Wata huɗu ke nan rana na arewa da kan mutanen yankin, wata takwas tana kudu. Mutumin Landan ko Alƙahira bai taɓa ganin rana a tsakar kansa ba, har ma mutumin Madina, don garinsu ya ɗan zarce iyakar da rana ke juyowa. Labarin irin wannan rijiya ce a kudancin Masar ya sa wani masani mai suna Eratostenis, fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ya auna inuwa a Iskandariya ya tarar da bambancin kimanin digiri 7, ya yi lissafin kewayen duniya da shi. Kayan aikinsa ba su fi abin da ke tsakar kowane gida a Kafur ba.

Tushen wannan kai-kawo yana ga duniya kanta. Mutanen ƙasar auduga ba sa buƙatar dogon bayani a kan mazari: yana juyawa a kan tsininsa, mai kaɗi kuma takan ɗan karkata shi. Haka duniya take juyawa a karkace, da kimanin digiri 23 da rabi, kuma karkatar waje guda take fuskanta duk tsawon shekarar da take yi tana kewaya rana. A Yuni rabin arewa ne ke sunkuya wa rana, a Disamba rabin kudu.

Akwai masu cewa sanyin hunturu nisa rana ta yi. Lissafi ya ƙaryata su, don a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, kimanin kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. Sanyin daga wasu wurare yake zuwa: hasken ya sauko a gicciye, dare ya ƙara tsawo, busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumin ƙasa da daddare, ga ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta yi wa samaniya lulluɓi.

Rana a gaba, ruwa a baya

Abin da ke ɗaure kai shi ne, ranakun nan biyu da tabarya ke rasa inuwa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ta Afrilu tsakiyar bazara ce, zafi na kusantar digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, mutane na kwana a waje, kaji na buɗe baki a gindin rumbu. Ta Agusta kuwa tsakiyar marka ce, ana iya yini ba a ga ƙwayar rana ba, har yaro ya nemi rigar sanyi. Matsayin rana ɗaya ne a duka biyun. Gajimare ne ya raba su, kuma gajimaren ranar ce ta jawo shi.

Yadda abin yake, iska biyu ke takara a kan Afirka ta Yamma: busasshiya daga arewa maso gabas, da mai danshi daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Inda suka haɗu nan ne bakin dagar damina. Idan rana ta hau arewa ta gasa Sahara, iskar can ta yi zafi ta tashi sama, sai ta teku ta kwararo ta cike gurbin. Bakin dagar yakan bi sawun rana, amma a makare, kamar bara da ubangidansa. Yana isowa ƙasar Funtua wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya wuce har kusan digiri 20 a cikin hamada a watan Agusta, sannan ya juyo da sauri a Satumba da Oktoba. Kudancin Jihar Katsina ne ke fara karɓarsa, shi ne kuma na ƙarshen sallamarsa, shi ya sa Funtua ke samun ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara mai kyau, birnin Katsina kuma yake fama da kimanin 600. Masara da dawa da audugar da suka cika kasuwannin Dandume da Bakori daga wannan ratar suka fito. Wani abin dariya, danshin daga yamma yake zuwa amma hadarin daga gabas yake haɗowa, don iskar da ke can sama ita ke tura shi yamma. Manomi bai yi kuskure ba da yake kallon gabas in yana jiran ruwa.

Sai dai ruwa ba ya cika alkawari kamar rana. Dattawan yankin ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, kuma kowace shekara akwai wanda ya yi shuka da ruwan farko, aka ɗauke kwana ashirin, iri ya ƙone a ƙasa. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, wani lokaci ya faɗa daidai, wani lokaci ya kauce. Ranar 21 ga Yuni kuwa ba ta taɓa makara ba.

Awon malamai

Tun kafin agogo ya shigo, malaman zaure ne masu gadin inuwa, don lokutan salla biyu a kanta suka rataya. Azahar na shiga in rana ta goce daga tsaka, wato zawali. La'asar, a mazhabar Malikiyya, na shiga in inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an ɗora inuwar da ya riga ya samu lokacin zawali. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bi ta kan wannan babi. Wannan ɗorin na inuwar zawali shi ne inda ilmin yake, don shi ke canzawa da yanayi. Ana ƙiyasta tsayin mutum da kusan ƙafa bakwai na ƙafarsa. A Funtua ranar 20 ga Afrilu ba inuwar zawali sam, saboda haka ladan ya taka ƙafa bakwai ya kira la'asar. A ƙarshen Disamba inuwar zawali kaɗai ta kusa ƙafa biyar, sai ya jira ta cika sha biyu. Wanda ya haddace bakwai ya riƙe ta shekara guda zai riƙa kiran la'asar tun lokacin azahar bai fita ba.

Da agogo ya zo ma bai daidaita da rana ba. An saita agogon Nijeriya ne da layin digiri 15 na gabas, wanda ya bi ta wajen Njamena a Chadi, alhali Funtua na kan digiri 7 da 'yan kai. Rana kan yi kimanin rabin awa kafin ta iso daga can, shi ya sa tsakar ranar Funtua ba ƙarfe 12 ba ce. Ita kanta tana yawo: a farkon Nuwamba zawali na kamawa wajen 12:15, a tsakiyar Fabrairu sai 12:45. Masallatai da yawa sun tsayar da azahar a ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu, don haka ba a cika lura ba. Magariba ce ba ta ɓoyuwa. A tsakiyar Nuwamba shida ta ɗan gota ake kira, a farkon Yuli sai an kusa bakwai. Ga wani abu kuma da kan ba mutane mamaki: yinin da ya fi gajarta a Disamba yake, amma faɗuwar rana mafi sauri tun Nuwamba ta wuce, fitowarta mafi latti kuma sai ƙarshen Janairu, wajen bakwai saura biyar, daidai lokacin da ake fama da yara su fito daga bargo su tafi makaranta.

Batun alƙibla ya fi wannan nauyi. Bahaushe yakan ce ya fuskanci gabas in zai yi salla, har kalmar ta zame masa sunan alƙibla. Amma daga Funtua, Ka'aba na kimanin digiri 22 arewa da gabas. A watan Yuni mafitar rana ta kusa dacewa da ita, bambancin bai wuce digiri biyu ba. A Disamba kuwa, wanda ya jera duwatsun masallacin gona yana kallon inda rana ta ɓullo ya kauce da kusan digiri 46, rabin kusurwa guda ke nan. Malaman tafsiri sun daɗe da sanin wannan, don wajen bayanin mafita biyu da mafaɗa biyu da aka ambata a Suratur Rahman sun kawo mafitar rana ta lokacin zafi da ta lokacin sanyi. Gyaran kuma rana ce ke bayar da shi kyauta. Sau biyu a shekara takan tsaya daidai kan Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci alƙibla, inuwarsa na bayansa sak. Magina masallaci su fi dogara da ta Mayu, ta Yuli gajimare na iya cinye ta.

Shekarar Musulunci ta wata ce, kwana 354, kowace shekara tana rigan ta rana da kwana 11. Azumin 2016 ya kama 6 ga Yuni, mutanen Funtua suka riƙa yin kusan awa 14 ba ci ba sha, 'yan uwansu a Landan suna haura 18. Na 2030 zai faɗo a Janairu, ba zai cika awa 13 ba. Wannan zagaye ya yi wa ibada daidai, amma ba a shuka da shi. Don haka manoma suka riƙe nasu ƙirgen watanni da ke farawa bayan kaka, wanda na bakwai ɗinsa ke faɗowa wajen Mayu, har ake cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Malamai kuma suka riƙe lissafin taurari na Larabawa: masaukai 28 da rana ke bi a shekara, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla 365. Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha na cikin waɗanda ake dangantawa da damina. Surayya, wadda Hausawa ke kira kaza da 'ya'yanta, takan ɓace cikin hasken rana a watan Mayu, ta sake bayyana da asuba a Yuni. Mervyn Hiskett, Baturen Ingila da ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, ya wallafa nazari a 1967 kan yadda malaman Hausa suka zuba wannan lissafi cikin waƙoƙi don sauƙin hadda.

Dawa ba ta duba kalanda

Duk waɗannan masu awo, dawa ta fi su ido.

Tsawon yini a Funtua ba ya wani canzawa in aka kwatanta da Turai. A ƙarshen Yuni awa 12 ne da kusan minti 47, a ƙarshen Disamba awa 11 da minti 28. Ratar duka kusan awa ɗaya da minti ashirin. Daga 21 ga Yuni zuwa 1 ga Agusta minti goma kacal ke raguwa, kuma ko a Satumba da abin ya fi sauri, ragin bai kai minti ɗaya a rana ba. Mutum ba ya jin wannan a jikinsa. Dawa irin su farafara da ƙaura suna ji.

Kowane manomi a Danja ko Ƙanƙara ya taɓa ganin abin. Maƙwabta biyu, iri ɗaya. Na farko ya samu ruwan ƙarshen Mayu ya shuka. Na biyu iri ya ƙone masa, ko taki ya yi masa latti, ko matsalar tsaro ta hana shi shiga daji, bai shuka ba sai ƙarshen Yuni. Wata guda cur a tsakaninsu. Dawar na farko ta yi toho ta miƙe, kara ya kai mita huɗu, mutum a kan keke ya shiga ya ɓace. Ta na biyu tana biye a gajarce. Amma in lokacin ya yi, kusan tare za su yi ciki, kusan tare su fidda kai su yi bununi wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ratar ba ta wuce 'yan kwanaki zuwa mako ɗaya ko biyu ba. Wanda ya riga ya fi samun kara da kaurin zangarniya, amma na bayan ma bai tashi a tutar babu ba.

Sirrin yana cikin ganye. Irin wannan dawa ba ta fara shirin fidda kai sai ta ji dare ya fara tsawo ya kai wani mizani, kuma akwai sinadari a ganyenta mai jin haske da ke yi mata wannan awo. Wasu masana biyu na ma'aikatar gona ta Amurka, Garner da Allard, su suka fara bayyana wannan ɗabi'a a 1920, da gwaji kan taba da waken suya. Masu bincike kan kunna wa irin waɗannan tsirrai fitila da daddare, sai su ruɗe su yi ta ganye ba fure. A nan gida, a Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken noma tun 1922 kafin ta zama cibiyar IAR ta Jami'ar Ahmadu Bello, wani mai bincike D. L. Curtis ya tattaro irin dawar gargajiya daga sassan Arewa ya gwada su. Abin da ya wallafa a 1968 shi ne, kowace dawa tana fidda kai ne daidai lokacin da damina ta saba ƙarewa a garinsu na asali.

A nan ne hikimar take. Dawar da ta nuna cikin marka fumfuna ke cin ta, ƙwayar ta yi baƙi, tsuntsaye kuma su taru a kanta tun da ita kaɗai ce a fili. Wadda ta makara ruwa ya ɗauke ya bar ta, kai ya fito ba ido. Wadda ta fidda kai a bakin ƙarewar ruwa ita ce ke cika ido da sauran danshin ƙasa da raɓar kaka, ta bushe a tsaye cikin iskar Nuwamba, ta shiga rumbu tas. Kakannin manoman yankin ba su san sinadarin ganye ba. Zangarniyar da ta fi kyau suka riƙa warewa don iri, shekara bayan shekara, har suka saita dawarsu da ranar garinsu. Shi ya sa iri ba ya son ƙaura mai nisa. A ɗauko dawar kudancin Kaduna a kawo Malumfashi, za ta yi ta jiran lokacinta har ruwa ya tafi. A ɗauko ta Jibiya ko Maraɗi a kawo Sabuwa, ta yi gaggawa ta nuna ruwa na dukanta.

Ba dawa kaɗai ba ce. Gero kwanaki yake ƙirgawa, wata uku ya isa tumu, amma maiwa rana take jira. Waken kanannado yakan yi ta yaɗo a ƙarƙashin dawa duk damina, ya tara harawa, sai dare ya yi tsawo ya saki fure. A shuka shi a fadama da rani, lokacin da yini ya riga ya gajarta, zai yi fure tun yana ɗan tsito.

Shekarar 1975 ta kawo wani lissafi dabam. A lokacin ne aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya game Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya shigo da takin zamani da sabon irin masara, masarar da a da ake shukawa a bayan gida don gashi ta koma amfanin gonar kasuwa. Yankin ya karɓe ta don yana da abin da kurmi ba shi da shi, wato wadatar hasken rana tare da isasshen ruwa. Sai dai masara da sababbin irin dawa gajeru galibi kwana suke ƙirgawa daga ranar shuka, 90 zuwa 120, ba su cika damuwa da tsawon dare ba. In damina ta yi gajarta, su ne mafita. In kuma aka shuka su da wuri, cikin marka za su nuna, a rasa inda za a shanya. Masu yi wa farafara kallon kayan da, su ɗan sassauta. A Mali ma masu binciken dawa da suka daɗe suna ƙoƙarin cire mata wannan ɗabi'a sun dawo suna neman riƙe ta a cikin sababbin iri, da suka ga ita ce garkuwar manomin da bai san ranar da ruwa zai sauka ba.

Noman rani shi ma a ƙarƙashin wannan doka yake. Alkama sai an shuka ta tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ta yi fure cikin sanyi, in ta makara zafin Maris ya tarar da ita. Tumatirin Danja na bunƙasa ne lokacin da rana ke raɓe da kudu, da ta dawo tsaka a Afrilu fure ya fara zuba, kwando ya yi tsada.

Sabon mai kallon rana

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, farantan sola suka yawaita a kan shaguna da gidaje da bakin fadamu, inda suke jan ruwa a madadin injin fetur. Da yawa an kafa su ne yadda rufin kwano ya ba da dama, wasu a kwance shamɓal, wasu suna kallon arewa. A Funtua da Malumfashi faranti kudu ya kamata ya kalla, a ɗaga bayansa da digiri 10 zuwa 15, tun da wata takwas rana na can, kuma watannin ban ruwa duk a cikinsu suke. Karkatar na da wani amfani: ruwan sama ya wanke ƙura ya gangara. Da hunturu kuwa ba mai wankewa sai mai shi, da tsumma da ruwa, sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Masu gina ɗakin kaji su ma an daɗe ana ba su shawara su miƙar da tsawonsa daga gabas zuwa yamma, don ranar hantsi da ta la'asar su bugi gajerun bangaye, 'yar rumfa a kudu da arewa ta tare sauran.

Mai karatu da ke son tabbatarwa ba sai ya je Samaru ba. Ya tanadi tabarya da fili mai laushi, ya fito 20 ga Afrilu da ƙarfe 12:30 in yana Funtua, ko washegari in yana Malumfashi. In ta wuce shi, akwai ta 22 ko 23 ga Agusta da misalin 12:33, in gajimare ya bari.